Ba Gishiri Sai Ranar Suna

Salamu alaikum mutanena, 'yan ƙwarai da 'yan sa-ido, har da masu karantawa su wuce ko gaisuwa babu, duk ina ganinku. Yau labari na kawo muku daga nan layinmu a Iseyin, ƙasar Yarbawa, kuma tun da abin ya faru nake jin kamar na haɗiye ƙwallon mangwaro. Ku gyara zama. Wanda ke cin abinci ya ɗanɗana gishirin da kyau, zai gane dalili nan gaba.

Kwana uku da yi wa maƙwabciyarmu Ibidun aiki aka ciro mata ɗa namiji, sai ga surukarta Alhaja Sariyu ta iso asibiti da gwaggwaro kamar rufin rumfa, ta ce a sallame su.

Sista Gbemi, nas ɗin ɗakin masu jego, gajeriya ce amma bakinta ya fi ta tsawo. Ta ce, "Alhaja, likita ya ce ta ƙara kwana biyu. Ɗinkin ɗanye ne, nonon ma bai sauko ba."

"A gida zai sauko," in ji Alhaja. "Mata nawa suka haihu bayanta suka tafi? Ita kaɗai za ta kama haya a nan? Mutane sun fara tambaya."

Mijin, Mufutau, yana tsaye da jakar kaya a hannu yana karanta silin kamar an rubuta masa wasiƙa a can. Shi ya sa hannu a takardar.

Kafin su fita Sista Gbemi ta ja labule ta zauna a bakin gadon. Ta ce, "Ibidun, saurare ni da kunne biyu. Wadda aka yi wa aiki nononta yakan yi jinkiri, ba ciwo ba ne. Tsotso ke kiransa. Ki buɗe ƙirji ki ɗora yaron fata da fata, ya kama duk lokacin da ya nema, in ya yi barci ya wuce awa uku ki tashe shi. Ki riƙe shi ta gefe ƙarƙashin hammata, ko ki kwanta ki ba shi, kar ya danne miki ɗinki. Wannan dakashin mai ruwan ɗorawa da kike rainawa, shi ne abincinsa yanzu. Ki ci, ki sha ruwa, ki sha maganin ciwonki, ki kwanta. Kuma ki riƙa ƙirga fitsarinsa. Daga kwana biyar, in bai jiƙa nafkin shida a yini ba, ki dawo. Kin ji ko na maimaita da ganga?"

"Na ji, Sista."

A cikin napep, duk ramin da suka faɗa sai Ibidun ta ciji lebe. Alhaja ta rungume jaririn, ta juyo.

"Iyawo," ta ce, wato amarya, "magana ɗaya. A gidan Olofi ba a taɓa farka mace kamar buhun garin rogo ba. Na ce musu zazzaɓi ne ya riƙe ki. Ki miƙe bayanki, ki yi tafiya irin ta mutane. Maganar wuƙa ta mutu a cikin keken nan."

"To, Mama."

Gidan Olofi kun san shi, ko ba ku san shi ba kun san irinsa: ɗakuna sun kewaye tsakar gida, masaƙa sun miƙe zare tun daga bakin rijiya har gindin lemo, kowa kawun kowa ne. Suna shiga mata suka ɗauki guɗa da waƙa. Matar gida kuwa ba ta gaida dangin miji a tsaye. Ibidun ta durƙusa wa kawu na fari, gwiwa biyu a ƙasa, ta ji kamar an ja zare a ƙasan cibiyarta. Ta durƙusa wa na biyu. A na tara ta daina ƙirgawa, ta dai ga bango yana matsowa yana komawa.

"Kai, amaryar nan akwai ladabi," in ji wata gwaggo. "Dubi yadda ta daɗe a durƙushe."

Tashin ne ya gagara, Gwaggo.

Da ta samu ta kwanta, aka kawo abinci. Agidi biyu a ganye, da miyar lalo da aka tafasa a ruwa zalla. Ba gishiri, ba manja, ba barkono, ko daddawa ba ta gifta ta kusa ba. Al'adar gidan ke nan: matar da ta haifa musu ɗa, lami za ta ci har safiyar suna. Wadda ta ƙi kuwa, an san abin da ake cewa, wai tana da abin ɓoyewa, ɗan ba jininsu ba ne. A waje kuma ana soya miyar baƙi, ƙamshin attarugu da ganda yana shigowa ta taga yana zama a bakin gadonta kamar ya zo dubiya.

Ta kai loma biyu, ta uku ta tsaya a wuya. Ta ture kwanon.

Alhaja ta shigo ta ga kwanon, ta ga ledar magunguna a kan tebur. Ta ɗauke ledar.

"Mama, na ciwo ne."

"Su ne ke busar da nono. Kuma baƙi su shigo su ga kanti guda na ƙwayoyi, me za su ce? Bakwai na haifa a gidan nan, bakwai na ci lami, ko fanadol ban sani ba. Buɗe mu gani."

Ta kama nonon ta matsa kamar mai zaɓen lemo a kasuwa. Ɗigo biyu masu kauri suka fito. Alhaja ta yamutsa fuska, ta goge su da bakin zane.

"Wannan gurɓatacce za ki ba jikana? Sai fari ya zo. Kafin nan a ɗakina zai zauna, ke ki huta."

Hutun ke nan da aka ba ta. Aka ɗauke yaron zuwa ɗakin Alhaja, can ƙetaren tsakar gida, ana ɗura masa ruwan ɗumi da gulukos a cokali, da ɗan agbo, jiƙon nan na gargajiya, wai don cikinsa ya wanku.

Rana ta huɗu aka tashe ta da sassafe aka ɗaura mata zane tamau a ciki, daidai kan ɗinkin, wai don tumbi ya koma. Aka naɗa mata gwaggwaro, aka shafa mata hoda, aka zaunar da ita a falo. 'Yan barka suna shigowa tawaga tawaga: matan masallaci, ƙungiyar masu sayar da ashoke, abokan Mufutau na ƙwallo. Jaririn yana yawo hannu zuwa hannu kamar farantin goro. Kowa ya ɗauka ya ce hancin kakansa ne sak. Uwarsa kaɗai ce layi bai zo kanta ba.

In ya tsananta kuka, sai Alhaja ta kawo shi ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu. Yaron da cikinsa ke cike da ruwan sukari ya ɗan lalubi nono, ya ja sau biyu, ya saki. Ibidun tana ƙoƙarin juya shi ta gefe yadda Sista ta nuna mata, Alhaja ta ce, "Ɗa ne ko jakar hannu? Ɗora shi a cinya kamar kowa." Ta ɗora, ƙafarsa ta sauka a kan ɗinkin, gumi ya keto mata. Minti biyar bai cika ba.

Alhaja ta ce, "Babu komai a ciki. Ba ni shi, kar ya sha iska."

Sau uku aka yi haka ranar, shi ke nan.

Da la'asar Mufutau ya leƙo yana warin rago. Ya je Oyo ya dawo da wani mai ƙaho kamar sitiyari, tun ɗazu yake nuna wa mutane haƙoransa.

"Baban yaro, zo ka ji," in ji Ibidun. "Ka ce wa Mama ta bar min shi ya kwanta a jikina. Sista ta ce tsotso ne ke kawo nonon."

"Sista ta haifi nawa?"

"Ban sani ba."

"To Mama bakwai. Haba Ibidun, kwana nawa ne? Huɗu suka rage. Ni ma haka aka raine ni, dube ni, akwai abin da ya rage?" Ya bugi ƙirji.

"To maganin ciwon fa? Ba na iya juyawa."

"Zan yi mata magana in ta huce."

"Fushi take?"

"A'a, amma in na yi maganar za ta yi." Ya ɗaga wani ƙyalle. "Ga ankon suna, kin ga kalar? Ni na zaɓa da kaina."

Ta kalli ƙyallen. Ta ce ya yi kyau.

Ta kira mahaifiyarta a Saki. Uwar ta saurara har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya. "'Yata, na sani. Amma ki daure ki ci abin da suka ba ki. Kar a ce daga gidanmu aka fara karya musu al'ada. Bakin mutane in ya taɓa yaro, har ya yi gemu ba ya goguwa. Ranar suna ina tafe da kifi."

Ranar suna. Kowa ranar suna. Sai ka ce cikin jariri yana da kalanda.

Rana ta biyar Anti Sidikatu ta sauka daga Legas. Yayar Mufutau ce, da 'yarta 'yar wata biyar a baya, kumatu kamar burodin Agege. Ta shigo ɗakin tana cin cinyar kaza, ta zauna a gefen gadon har katifar ta lotsa, Ibidun ta runtse ido.

"Iyawonmu, sannu. An ce nonon yajin aiki yake? Ni fa kwana biyu nawa ya ɓalle, har tawul nake sawa. Mama ce ta zo ta zauna min wata guda. Farfesun tarwaɗa da safe, koko da madara gwangwani guda, da rana amala da miyar wake. Ko kofi ba ta bari na ɗaga ba. Daga ni sai 'yata a gado, baƙo ya zo ta ce ina barci."

"Ba ki ci lami ba, Anti?"

Sidikatu ta yi dariya har da buga cinya. "Allah ya kiyaye. Ai al'adar gidan miji ake bi, su gidan mijina ba su da wannan wahalar. Ke ce kika zaɓi ɗan gidan Olofi, wa ya aike ki?" Ta tsotse ƙashin ta ajiye a kan murfin kwanon lamin, ta fita.

Agidin da ake kawo mata, Iya Eleko ce ke yi, matar ƙanin baban Mufutau, wata doguwar mata marar yawan magana da ke sayar da shi a bakin titi. Ranar ita ta kawo da kanta. Ta ajiye, ta dubi Ibidun, ta dubi leɓenta da suka bushe suka tsage.

"Na ƙasan ki fara buɗewa," ta ce, ta fita.

Ibidun ta buɗe. A cikin ganyen, maimakon agidi, soyayyen kifi ne guda, ja da barkono, gishiri na ƙyalli a jikinsa. Yawu ya cika mata baki har ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta ɗauka. Ta kai hanci. Sai ta tuna muryar uwarta, ta hango ɗanta ya girma yana wucewa ta tsakar gidan nan ana nuna shi da baki. Ta mayar da kifin cikin ganye, ta naɗe, ta jefa wa kyanwa ta taga. Ta koma ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Tsaya nan tukuna. Ku da kuke karantawa kuna cewa "ni da na cinye har ƙaya", da gaske kuke? Ku gaya min tsakani da Allah, a gidan mutane, da ciki a ɗinke, uwarku ma ta ce ku daure, da kun ci?

Rana ta shida gidan ya koma kasuwa. An kafa rumfa ta toshe layi, an jero tukwane a kan duwatsu, mata goma sha suna zaune da turmi da kwanduna suna surfa waken alale. Abu ɗaya ne babu: kukan jariri.

"Yaron nan ya yi hankali," Ibidun ta ji ana faɗa a waje. "Tun jiya ko uhum. Agbon Alhaja ba wasa ba."

"Halin kakansa ne, marigayi ma haka yake, ba ruwansa da hayaniya."

Da hantsi aka kawo mata shi. Bai ko nemi nonon ba. Ta goga masa a leɓe, ya buɗe baki kaɗan, harshen a bushe kamar takarda. Ta ɗaga fatar idonsa, farin ya koma ruwan ƙwai. Ta shafa kansa, maɗigarsa ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa.

"Mama, nafkin nawa ya jiƙa daga jiya?"

"Aikin da aka ba ni ke nan, ƙirgar fitsari?"

"Don Allah, Mama."

"Ɗaya. Yaro mai tsafta ne, ya hutar da mu wanki."

Ibidun ta buɗe nafkin ɗin jikinsa. Ɗan tabo ne kawai, kalar garin jan bulo.

"Mama, maɗigarsa ta faɗa. Sista ta ce..."

"Sista, Sista. Ita ta aura miki ɗana? Ciwon maɗiga ne, yau aka fara? Akwai haɗin da ake shafawa." Ta karɓe shi. "In kin ga jikana ya rame, ki tambayi ƙirjinki. Mace ta kasa haihuwa da kanta, ta kasa shayarwa, sai baki."

Ta kira Mufutau a waya. Yana wajen masu kalangu ana daidaita zancen jibi, ƙarar ganga ta cika wayar. Ya ce, "Me? Ba na ji. Ki gaya wa Mama." Ya kashe.

Ibidun ta zauna a bakin gado ta daɗe. Ba kuka take ba, ruwan kukan ma babu. Gajiya ce irin wadda mutum ke ji har a farcensa. Ta dafa bango ta miƙe. Ta kwance zanen da aka ɗaure mata ciki, ta ga ya manne, ta ɓanɓare shi a hankali. Ta ɗaura wani sako-sako, ta zura silifas. Gwaggwaron ta bar shi a ƙasa inda ya faɗi.

Ɗakin Alhaja babu kowa, tana can tana rabon anko. Yaron na kwance an shafe masa tsakiyar kai da wani baƙin abu mai warin kanwa. Goyo ba zai yiwu ba, zanen goyo a kan ɗinkin zai bi. Ta ɗauke shi ta saƙale ta gefe ƙarƙashin hammata, kamar jakar hannun da aka yi mata gori, ta fito tsakar gida a sunkuye, taku ɗaya, hutu ɗaya.

Surfen wake ya tsaya.

"Iyawo, ina zuwa?" Muryar Alhaja ce daga bakin rumfa.

"Asibiti, Mama."

"Mai jego ta taka titi kafin suna? A gidan wa?" Ta taho da sauri tana murmushin da ake yi don baƙi, ta rage murya. "Koma ciki kar ki tara min jama'a."

"Sun riga sun taru, Mama."

Gwaggon nan mai yabon ladabi ta ƙura ido. "Ke, jinin mene ne wannan a gaban zanenki? Ai na biƙi ba nan yake fitowa ba."

Alhaja ta yi caraf. "Manja ne ta goga."

"Manja?" in ji Ibidun. Ta ɗan yi wata dariya marar sauti. "Ni da rabona da ganin manja tun ranar Talata? Gwaggo, ɗinki ne ya buɗe. Aiki aka yi min, yanka ni aka yi aka ciro shi, don da an jira da mu biyun mun tafi. Ba zazzaɓi na yi ba. Yaron nan kuma ba hankali ya yi ba, ƙarfin kukan ne ba shi da shi."

Tsit. Har ragon ya daina tauna.

"Kin tona mana asiri," in ji Alhaja. "In kika fita ƙofar nan, kin san abin da za a ce a kan ɗan nan."

"A ce, Mama. Ya rayu ya ji da kunnensa."

Iya Eleko ta tsame hannu daga ruwan wake, ta goge a zane, ta miƙe. Ba ta kalli kowa ba. Ta karɓi yaron, ta ba Ibidun kafaɗa. A bakin layi ta tare napep ta ce wa direban, "In ka faɗa rami ɗaya, kai da Allah."

Sun yi nisa kafin ta sake magana. "Kin ci kifin?"

"Kyanwa ta ci."

"Na sani, na gan ta tana lasar baki." Ta gyara wa yaron hula. "Kullum tana ce miki bakwai ta haifa. Ta taɓa gaya miki nawa suka kai ranar suna?"

Ibidun ta juyo.

"Huɗu. Ni na wanke biyu daga cikin ukun. Su ma an ce sun yi hankali." Ta kalli titi. "Ba mugunta ce zalla ba. In ta yarda yau abin nan kuskure ne, to sai ta zauna ta yi lissafin nata. Ba za ta iya ba."

Sista Gbemi na ganinsu ta ajiye biro. Ba ta ce "ban gaya miki ba". Ta duba bakin yaron, ta duba ido, ta ƙwala wa likita kira. Kafin Ibidun ta zauna an goge baƙin abin nan, an nemo jijiya a hannun da bai fi ɗan yatsa ba, an sa ƙarin ruwa, an kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitilar masu shawara. Likita ya ce da sun kai jibi, da ragon sunan na sadakar mutuwa za a yanka.

Sai da aka wanke mata ɗinki aka sake rufewa, aka ba ta maganin ciwo, sannan bakin Sista ya dawo aiki.

"Me kike ci?"

Ibidun ta faɗa.

"Sau nawa yake kama nono?"

"Uku. Wani lokaci biyu."

"A ina yake kwana?"

"Ɗakin Mama."

"To Mamar ce za ta yi nonon ai, tunda ita ke da yaron." Ta ja tsaki. "Ji nan, ba gishiri ke yin nono ba, kar ki ce na ce. Amma mace ba ci, ba sha, ba barci, ciwo na cinta, ɗanta na wata unguwa, ta ina zai zo? Ta waya?"

Ta kawo ruwan ɗumi da tawul ta gasa mata ƙirji, ta nuna mata yadda ake tatsa da hannu, yatsu a bayan baƙin, a danna ciki sannan a matse. Ɗigo. Ɗigo. Minti ashirin suka tara abin da bai cika cokalin shayi ba. Ibidun ta kalle shi kunya ta kama ta.

"Raina shi kike? Wannan ya fi ragon mijinki daraja." Sista ta zuƙe shi a sirinji ta ɗiga wa yaron a gefen baki. Likita ya rubuta a riƙa cika masa da madarar jarirai a ɗan kofi kafin na uwar ya iso. Duk awa biyu a fito da shi daga fitila a ɗora mata a ƙirji, fata da fata, ya ja ko bai samu komai ba, sannan ta tatsa.

Iya Eleko ta fita ta dawo da amala mai zafi, miyar wake da lalo, jan miya a sama, nama uku. Ibidun ta kai loma ta farko, gishiri ya taɓa harshenta, sai ga hawayen da suka ƙi zuwa tun safe.

"Barkonon ne?" in ji Iya Eleko.

"Shi ne."

"To ci, akwai ƙari."

Rana ta bakwai cokali ya zama biyu, ya zama huɗu. Da azahar yaron ya tsala wani kuka da ya tashi duk ɗakin, matar gadon kusa ta ce a rufa mata asiri. Ibidun ba ta taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba. Mufutau ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga allura a hannun ɗansa, ya kasa shigowa. Abin da ya iya cewa shi ne, "Mama ba ta ci abinci ba tun jiya." Ibidun ta ce Allah ya ba ta lafiya.

Suna kuwa ba a fasa ba, an riga an kira masu kiɗa. Rana ta takwas Alfa, wato malaminsu, ya yi addu'a a kan matashin kai da aka lulluɓe da shawul, aka ce wa na nesa mai jego da jariri suna hutawa a ciki. Sunaye goma sha ɗaya aka raɗa wa yaron da bai yi fitsari goma sha ɗaya ba a satinsa na farko.

A safiyar nan Ibidun ta farka ta ji ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata tulu biyu, rigar ta jiƙe har ciki. Ta saƙalo shi ta gefe. Ya kama. A karo na farko ta ji shi yana haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut, kamar mai biyan bashin yunwa.

Da la'asar sai ga su cikin anko, Mufutau da kular naman rago, mahaifiyarta da kifinta, Alhaja a gaba, gwaggwaron yau ya fi na ranar nan. Ta tsaya ta ga rigar a jiƙe, ta ga fari na gangarowa ta gefen bakin yaron. Fuskarta ta saki, har idonta ya kawo ruwa. Ta juya ga ɗanta.

"Kun gani? Kwana takwas cif. Ban ce muku ranar suna zai zo ba? Al'adar gidan Olofi ba ta taɓa ƙarya ba."

Sista Gbemi ta buɗe baki. Iya Eleko ta taka mata ƙafa.

Ibidun ta ci gaba da shayar da ɗanta. Ba ta da ƙarfin gardama, kuma ta gane wannan gardamar ba ta da ranar ƙarewa. Alhaja ta matso ta miƙo hannu biyu.

"Kawo min Abdulbasit ɗina, ke ki huta."

"Bai gama ba, Mama."

Alhaja ta jira. Yaron na ta ƙut, ƙut. Hannayenta na nan a miƙe har suka fara gajiya.

"To yaushe zai gama?"

Ibidun ta gyara masa kai a ƙarƙashin hammatarta, ba ta ko ɗago ba.

"Sista ta ce shekara biyu."

To mutanena, yaron yana nan, jiya ma na ji muryarsa ta katanga, huhu kamar na kwandasta. A layinmu har yau wasu na cewa Ibidun ta yi rashin kunya, kuma masu faɗar duk sun ci naman ragon da gishirinsa. Ni tambayata ba ga mata ba ce yau. Ku mazan da ke nan kuna karantawa kuna shiru, ranar da matarku ta kira ku ganga na tashi, za ku fita waje ku ji abin da take cewa, ko ku ma Mama za a gaya wa?